Ranar Da Na Ƙona Katifar Amarya Da Ilimina

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin Saude, ɗiyar ƙanena, kuma ko na so in manta matan Yelwa ba za su bari ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu Jihar Kebbi ba. Ni kuwa na gama yaƙi da jahilci na shiga ajin manya, furfura ta fara fito mini amma ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko.

A satin bikin Malam Danjuma ya koya muna wutar lantarki. Ya ce ku ɗauke ta kamar ruwa: bolt shi ne ƙarfin da ke turo ta, karan shi ne yawan abin da ke kwarara cikin waya, turjiya kuma ita ce ƙuncin hanyar da ke hana ta wucewa. Yana cewa "kamar ruwan dam" sai raina ya ɓaci. Na miƙe na ce, "Malam, wane dam? Wanda ya cinye muna gari da gonaki, wutar ta wuce can wani wuri, mu ƙwan lantarki ɗaya ma sai ya yi ja kamar garwashi?" Na yi ta faɗa har aka tashi. (Ashe sauran rabin darasin na cinye da bakina.)

Ranar jere ni ce kan gaba, tunda ni ce gwaggon amarya. Mun haɗa mata kaya na kece raini: dutsen guga na lantarki, hitar dafa ruwa, risho mai waya, fanka, rediyo mai kaset. Sai ga Hajiya Kulu, yayar ango, ta sauko daga jirgin ruwan garin Warra da tawagarta. Ta ɗaga dutsen guga da yatsa biyu kamar ruɓaɓɓen kifi.

"Gwaggon amarya, waɗanga na ado ne, ko suna aiki? Na ga ɗakin ko soket babu."

"Hajiya, zauna ki sha kallo," in ji ni. "Gidanmu ba a jera gawa."

Na samo doguwar waya siririya, irin wadda ake ja wa lasifika. Na jona ta daga ɗakin mai gidan haya, na bi da ita ƙarƙashin sabuwar katifa don kada ta ɓata jere, na ɗaura mata soket mai baki da yawa. Na kunna komai lokaci guda. Fanka ta juya, kaset ya ɗauka, sai ɗif! Fis ɗin wutar gidan ya ƙone.

Hajiya Kulu ta yi guɗa. Guɗa fa, a kaina!

Na nufi akwatin fis ina huci. Na buɗe na ga ɗan silin waya kamar gashi, ya tsinke. Nan ilimi ya motsa. Na ce wa mata, "Kun ga munafukin. Wanga shi ake kira turjiya, shi ke hana wuta wucewa." Na murɗo waya mai kauri daga hannun tsohon bokiti na cusa a gurbinsa. Mai gidan ba ya nan, maza duk suna waje, babu mai ce mini kul. (Ko da akwai ma, wa ya isa?)

Komai ya tashi. Na tsaya tsakiyar ɗaki, hannu a ƙugu, ina yi wa dangin ango karatu: ga bolt, ga karan, ga yadda na yi maganin turjiya. Ina cikin bayani sai na ji ƙauri. Na leƙa tsakar gida na daka wa masu girki tsawa, "Ku wace irin mata ce? Shinkafar baƙi za ku ƙona muna?"

"Gwaggo," in ji wata ƙawar amarya, "ba shinkafa ba ce. Bayanki."

Hayaƙi baƙi ƙirin ke fita ƙarƙashin katifa. Wayar ta narke, ta kama soso, ta lashi labule. Kuma wa ya fara kaiwa ƙofar gida, ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya? Malamar turjiya. Sai ƙanena ne ya shigo da gudu ya fizge fis ɗin, aka ja katifar waje aka yi ta zuba mata ƙasa.

Saude tana kuka, ga kai amarya ya matso, ga gado ƙarfe tsirara. Hajiya Kulu ta dafa kafaɗata a gaban kowa, murya kamar zuma: "Kada ki damu, 'yar boko. Akwai tsohuwar katifata gidan ɗiyata nan Yelwa, a ɗauko wa amaryarmu." Wallahi da ta mare ni ya fi mini sauƙi. A kan katifar matar nan ɗiyarmu ta fara kwana gidan miji, kuma har yau in an yi saɓani sai an tuna muna.

Da na koma aji, labari ya riga ni. Malam bai yi dariya ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya ce, "Inna, ƙarfin aikin da kowane kaya ke ci, wanda ake aunawa da wat, bolt ne sau karan. Bolt ɗin gida bai canzawa, don haka duk abin da kika ƙara jonawa, karan ne ke ƙaruwa, kuma masu zafi irin hita da dutsen guga su suka fi ja. Siririyar waya doguwa turjiyarta ta fi yawa, karan mai yawa ya bi ta dole ta yi zafi. Fis kuwa da gangan aka yi shi siriri, don ya mutu kafin gida ya kama."

Na ce, "To mi ya hana ka faɗi haka tun farko?"

Ya ce, "Na fara, Inna."

Ajin duka suka kwashe. Na ja mayafina na zauna.

Har gobe ina da faɗa, ban tuba ba. Amma yanzu in wani abu ƙarami ya tsaya mini a hanya, nakan tambayi aikin da yake yi kafin in tumɓuke shi. Jahilcina bai taɓa ƙona ko tabarma ba; sai da na yi rabin ilimi na ƙona katifa.