Giwar da Ta Ƙi Rufe Baki

Allah ya yi wa Madarunfa baiwa biyu: tabki da Mushe Sadiƙ mai hoto (Mushe na Faransanci, wato malam). Tabkin yakan ja baya da rani. Mushe Sadiƙ bai taɓa ja ba. Shekara ashirin yana ɗaukar hoton katin shaida a bakin kasuwa, ba fuskar da ta taɓa fita shagonsa a karkace. Ranar da ya sayi riga mai aljihu goma sha biyu a gwanjo, ya naɗa kansa masanin namun daji. 'Yan kasuwa suka ƙara masa da Sarkin Dawa, ya karɓa ba gardama.

Ana tsakiyar rani wata giwa ta ɓato, ta rasa ɗanyen ganye, ta fasa rumbun wani manomi Alhassan a wajen Gabi. Ma'aikatan gandun daji suka ce ba taimakon hatsi sai da hoton giwar tana ci, don an sha kawo musu ɓarnar shanu da sunan giwa. Alhassan ya ɗauko Sarkin Dawa a bayan moto, wato babur.

Suka tarar ta dawo kan rumbu na biyu, na ƙarshe. Maƙwabta sun fito da garewani za su kore ta, Mushe ya ɗaga hannu ya hana. Hayaniya tana ɓata hoto. Ya kafa kyamara, ya gyara tsayuwa, ya jira.

"Mushe, ka danna hwa!" in ji Alhassan. "Hatsin na ƙarewa!"

"Kai manomi ne, ba ka san aiki ba. Kunne biyu waje, ido gaba, baki ruhe. Ko gwamna ban ɗauka shina tauna, balle dabba."

Giwa kuwa ba ta da tarbiyya. Dami bayan dami take zarowa tana turawa, ba ta rufe bakin ba ko sau ɗaya. Da ta ga ƙasan rumbu, ta juya wa gwani baya ta kama hanyar daji. Hoto ko ɗaya babu. Alhassan ya zauna a ƙasa, abin tausayi, yana duban zangarniyar da ta zube.

Mushe ya dafa kafaɗarsa.

"Yau ilimi ya ci gaba. Bincikena ya tabbatar giwa na cin hatsi da rani."

"Madalla," in ji Alhassan. "Mu kuma mi za mu ci?"

"A'a, wannan ba fannina ba ne. Ni giwa na karanta."