Ranar da Na Kayar da Saniyar Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da damatsana suka kunyata ni a gaban rabin Unguwar Lalle. Shekarar fari ce, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, kowane gida ya koma cin abinci sau ɗaya a yini. Ni kuwa a cikin wannan hali babu abin da ya dame ni sai ɗaga ƙarfe.

Ƙarfen ma na siminti ne. Ni da abokina Sahabi muka cika manyan gwangwanaye, muka soka musu bututu a tsakiya, muka ajiye a bayan gidansu. Sahabi ya taɓa zama a Sakkwato wurin wani tsohon soja, ya dawo da tsari: yau ƙafafu, gobe baya, jibi hutu, kuma ba a ƙara nauyi sai kaɗan-kaɗan. Da yunwa ta matsa ma rage nauyin ya yi. Ni kuma na ce wannan aikin ragwaye ne, jikina ne zai gaya mini abin da yake so. Abin mamaki, kullum jikin nan damatsa da ƙirji yake so (wato inda mutane ke gani). Ko sau ɗaya bai taɓa neman a tsugunna da nauyi ba. Na yanke hannuwan rigata, na riƙa tafiya kamar mai ƙurji a hamata, a kan ƙafafu irin na balbela.

A gidanmu saniya ɗaya ta rage, ta Inna mahaifiyata, kuma tana da ciki. Inna ta sha faɗin cewa in dai dabbar nan ta ga ruwan farko ta haihu, to mun tsira, don za mu samu nono. Amma yunwa ta cinye ta har ta kai in ta kwanta ba ta iya tashi. Wanda ya ga fari ya san yadda ake yi: da safe maƙwabta su taru, a zura itace biyu ƙarƙashin cikinta, a ɗaga ta a tsayar. In ta tsaya za ta ci ɗan abin da aka samo, in ta yini a kwance ta kama hanyar mutuwa.

Itacen baya ya fi nauyi, don haka mutum biyu ke kama kowane gefe. Ranar nan ni da Sahabi aka ba gefe ɗaya. Na waiga na ga mata sun leƙo ta kan danga (har da wata da nake yanke hannun riga dominta), sai na ture shi na ce ya matsa.

Baba ya dube ni ya ce, "Bari shi kama maka. Hannu guda ba ya ɗaukar jinka."

"Baba, ni ɗai za ni ɗagawa," na ce.

Sahabi ya raɗa mini cewa in tsugunna, da ƙafa ake tashi da ita, ba da hannu ba. Na yi kamar ban ji ba. Na sunkuya ƙafafuna a miƙe, aka yi bisimilla, na fizga.

Ta taso kuwa, har ta kusa kafa kofato. Sai na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna, gwiwoyina suka narke, itacen ya kuɓuce. Saniyar ta rikito ta gefena da duk nauyinta, muka zube tare. Babu wanda ya yi dariya, kuma wallahi da an yi da ya fi mini sauƙi. Baba ya shafa cinyarta, sannan ya ce ƙashin ya goce, a kawo wuƙa kafin ta zama mushe.

Ni ma na kasa tashi. Sahabi ne ya tsugunna, yadda ya saba, ya saɓa ni a baya ya kai ni ɗaki, matan nan suna kallo.

Da yamma Inna ta shigo da kwanon romo, idanunta jajur. Na so ta zage ni, na so ta mare ni. Ajiyewa kawai ta yi a gabana ta ce, "Sha, ka samu ƙarhi." Na sha ina kuka, don yunwa ba ta san kunya ba.

Ruwan farko ya sauka ba da daɗewa ba, a kan turken da babu komai. Har yau ina ɗaga ƙarfe, amma ranar ƙafafu ba ta wuce ni. Kuma duk sa'ad da jikina ya ce zai ba ni shawara, sai in tuna masa cewa Inna tana bin mu saniya, ni da shi.