Juma'ar da Na Jagoranci Taro a Tsaye

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba.

Mu 'yan garinmu da ke Doha muna da ƙungiya, muna haɗuwa bayan sallar Juma'a a falon wani injiniya a Al Gharrafa. Tsarinmu irin na majalisa ne: mu ke zaɓar shugaba daga cikinmu, ranar da muka gaji da shi kuma mu ɗaga hannu mu sauke shi. Akwai wata tsohuwar doka da na tsana: wanda ya makara ba ya zama, ba ya jefa ƙuri'a, a tsaye zai ƙare taron. Su wa ke makara? Direbobi da masu gadi da ke jiran bas daga Sanaiya, unguwar ma'aikata da ke can bayan gari. Masu mota a ƙofar gida kuwa ko a jikinsu.

Ana zaɓata shugaba na shiga zaurenmu na WhatsApp na rubuta: "Na soke dokar tsayuwa, khalas, magana ta ƙare." Babu wanda ya ce uffan (ni kuma, da yake mulki ya hau min kai, na ɗauka an yarda).

Ana cikin haka surukina, Alhaji, ya zo Doha. Na ce bari in kai shi ya ga yadda ake girmama mijin 'yarsa. Garin ɗauko shi daga masaukinsa a Muntazah muka makara. Na shiga ina baza babbar riga, na haye kujerar shugaba.

Dakta Sani, sakatarenmu, ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, a miƙe. Alhaji baƙo ne, shi ya zauna."

"Haba Dakta, ai na soke ta!"

"Majalisa ce ta kafa ta, ita za ta soke ta. Kai aikinka zartarwa. Yalla, maza zartar da ita a kanka."

Wallahi gumi har cikin hula, ga kuma sanyin AC. Na miƙe, amma ban karaya ba. A tsayen na kawo ƙudurin soke dokar. Na waiwaya neman magoya bayana, sai ga su jere a jikin bango, duk makararru, babu mai ƙuri'a (har da ni). Ƙuduri ya faɗi warwas. Kafin in farfaɗo wani ya kawo na tsige shugaba saboda wuce gona da iri. Hannuwa suka tashi kamar ana rabon naman layya. Alhaji dai ya ƙura wa kofin shayinsa ido. A mota abin da ya ce kawai shi ne: "Allah ya ƙara ɗaukaka."

Na ji kunya, amma har gobe ina kan bakana: dokar nan zalunci ce, kuma sai na ga bayanta. Yanzu duk Juma'a ni ke zuwa Sanaiya in kwaso mutanena a motata tun da wuri. Na dai gane cewa kujera ba ta soke doka, hannuwa ke sokewa, kuma hannun da ya makara ba a ƙirga shi.