Ranar da na gyara motar surukina

Ni mai gyaran babur ne a Ƙanƙara, kuma a gidan surukaina ba a taɓa neman shawarata ko kan tsinken sakace ba. Shi ya sa da Alhaji, uban matata, ya yi ƙorafin motarsa, na ga rana ta zo da za a san ni.

Akwai wani maɓalli a sitiyarin, in ka danna shi motar ta riƙe gudunta, ka ɗage ƙafa daga totur. Na Alhaji ya ƙi kamawa.

Na ce, "Baba, waya ce. Ai inji duk ɗaya ne, mota ƙiba kawai ta fi babur."

Na kwance sitiyarin, na haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, wadda ta rage na cusa ta inda ya fi kusa. Ashe lafiyar abin lau. Sai mota ta miƙe da gudu yake kamawa, Alhaji kuwa tsakanin ramukan hanyar Daudawa yake ta gwada shi.

Washegari muka tafi ta'aziyya Damari, hanya tana ta jijjiga aikina. Mun iske liman tsakiyar addu'a, kowa ya ɗaga hannu. Alhaji ya taka birki, sai hon ya ɓarke. Ya kashe mota, hon bai san an yi ba. Awaki suka watse, liman ya rasa inda ya tsaya, har sai da aka cire kan batir.

Alhaji bai ko dube ni ba. Ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya."

Har yau in na doshi zaman makoki, sai wani ɗan banza ya ce, "A cire batir, Injiniya ya iso."