Rasuwar Dattijo, Babur Mai Jan Tanki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu ke warin fetur, Kafinta da iyalansa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman 'yan majalisar babura ta ranar Asabar, rasuwar abin ƙaunarsu Dattijo, babur mai jan tanki. An tabbatar da rasuwar ranar Talata da hantsi a tsakiyar falo, a kan dardumarsa. Ya bar duniya yana da shekara arba'in da ɗaya, goma sha biyu daga ciki a hannun Kafinta.

Marigayin ba irin baburan nan ba ne da mutum zai fito daga kasuwa ya tarar da ashirin a jere ya rasa wanne ne nasa. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa, kuma a duk garin biyu kacal suka rage: shi da takwaransa na wajen Mai Kemis. Shekara uku Kafinta yana zarya gidan wani tsohon ma'aikacin gidan waya, ya gyara masa ƙofa, ya gyara masa kujera, har gadon da lafiyarsa lau sai da ya ƙara masa ƙusa, kafin tsohon ya yarda ya sayar. Ranar da aka kawo shi gida, kujera mai cin mutum uku aka fitar tsakar gida don a ba shi wuri. Tana can har yau, rana ta cinye mata launi.

Dattijo mai kawaici ne. Bugu ɗaya yake tashi, ya ce "dum, dum, dum" a natse, kamar babban mutum yana hawa bene. Bai taɓa yin hayaƙi a gaban baƙi ba. Bai taɓa kayar da kowa ba sai surukin Kafinta, shi ma duk layi sun shaida surukin ne ya nema.

Ga waɗanda ba su san majalisar ba, duk Asabar ake taruwa a rumfar Bakanike. A jera babura, a shafa fenti a ji ko na asali ne, a leƙa salansa, a ƙarshe a sunkuya a karanta mita. Wanda lambar tafiyarsa ta fi ƙanƙanta a cikin tsofaffin babura shi ke zama a kujera ɗaya tilo mai hannu, sauran su matsu a benci. Shekara da shekaru Kafinta ke kan kujerar nan, domin Dattijo na ƙasa da na Mai Kemis da kilomita ɗari huɗu, kuma Kafinta ya fi son kujerar fiye da yadda ya kamata mai hankali ya so kujerar roba.

Ciwon ajali ya samo asali ne shekara biyu da suka wuce. Wata Asabar sai ga Mai Kemis ya kawo nasa a bayan akori-kura, ƙarti huɗu suka sauke shi a hannu. Ya gyara hula ya ce babur mai daraja ba a hawansa, ba a ma tayar da shi, don kowane tashi yana cin ƙarfe. Majalisa ta jinjina. Daga ranar mitarsa ta tsaya cak, ta Dattijo kuwa tana ta rarrafe. Kafinta ya riƙa rubuta tazarar da fensirin aikinsa a bayan ƙofar shago. Da ta rage saura kilomita tara, sai ya shigar da Dattijo falo ya zare makulli. Ko turawa ya haramta, tunda tayar gaba ce ke juya mita. Ranar majalisa shi ma akori-kura yake ɗauka.

Wata goma sha huɗu marigayin yana zaune. Kullum safe a goge shi, a yi masa lulluɓi da zanen gado, yara su riƙa bin gefen bango. A waje yana sheƙi, a ciki tsohon fetur yana ruɓewa. Ranar Talatar nan uwargida tana shara ta kewaye shi kamar yadda ta saba, ta ce, "Malam, wai wannan abin naka yana ma numfashi kuwa?" Don ya kunyata ta Kafinta ya sa makulli ya taka kik ɗin tayar da inji. Kik ya ƙi motsi. Ya hau da duk nauyinsa. Marigayin ya ce "ƙit", kuma ita ce maganarsa ta ƙarshe. Bakanike ya zo ya buɗe tanki ya sunsuna, ya kwance kan inji, ya cire hularsa. Tsatsa ta manne fistan, nauyin Kafinta ya tsaga gidan fistan ɗin, irin gidan kuma babu shi a kowace kasuwa. Bakanike ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin baburin da gata ya kashe ba sai wannan.

Ya rasu ya bar ƙaninsa Na-Kowa, ɗan baburin zirga-zirga da aka saya don a hutar da shi, wanda ke kwana a waje cikin ruwa, yake ɗaukar katako da buhun siminti, bai taɓa jin an kira shi abin ƙauna ba, kuma har gobe bugu ɗaya yake tashi. Ya bar tsumman gogewa bakwai, da hular kwano, da uwargida, wadda aka gani tana auna gurbinsa da taku tun kafin Bakanike ya gama wanke hannu.

Iyalai suna godiya ga masu ta'aziyya, musamman Mai Kemis, wanda ya riga kowa zuwa ranar Laraba. Ya zauna ya sunkuyar da kai, ya yi dogon nishi, yana cikin nishin sifana ta zame daga aljihunsa ta faɗi ƙasa. Ya ɗauke ta ba kunya, ya matso ya ce, "Ɗan'uwa, tunda abin ya riga ya faru, akwatin giyar nan fa? Shekara biyu ke nan ina neman irinsa." Kowa ya juya ya kalli Bakanike, Bakanike ya kalli silin, ya ce shi dai an roƙe shi ya rufa asiri, ya kuma rufa iyakar ƙoƙarinsa. Ashe tun ranar da aka fara kawo shi a mota, baburin Mai Kemis gawa ne.

Kafinta ya zaro fensiri daga bayan kunne. Ashirin da huɗu a cire goma sha huɗu, saura goma. Wata goma cur Dattijo ya yi yana shi kaɗai ne mai rai a irinsa, majalisa kuma ta ji muryarsa da kunnenta. Sai dariya ta kama Kafinta a tsakiyar zaman makoki, ya riƙe ciki, ya zame daga kujera, ya tashi ya rungumi tanki, ya rungumi Bakanike, har Mai Kemis bai tsira ba. Can kuma hawaye suka biyo baya, domin ya gane da gawa ya yi tsere har ya kashe lafiyayyen baburinsa. Tun ranar haka yake, ya yi dariya ya share ido, uwargida ta daina tambayarsa wanne ne a ciki.

Za a yi rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga gida zuwa rumfar Bakanike. Ana roƙon masu babura su zo da su, amma kowa ya kashe inji. Mai Kemis zai sami akwatin giyar bisa sharaɗi biyu: ya faɗi ranar da nasa ya mutu a gaban majalisa da bakinsa, kuma idan baburin ya tashi, ya riƙa hawansa duk mako. An sallami mai akori-kura. Kafinta da kansa zai tura marigayin a kan tayoyinsa, ta doguwar hanya, ta gaban kasuwa, ta gaban shagon magani, mita ta ƙirga duk abin da ta ga dama.