Yadda Za Ka Ziyarci Tsibiranmu Ba Tare da Ka Ji Gishiri Ba

Kai mai shirin zuwa yawon buɗe ido, kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka zo tsibiran Balasiri, ka ci kifi, rana ta gasa ka, ka koma gida da waya cike da hotuna ba tare da ka san komai a kanmu ba. An gwada hanyar a kan baƙi da yawa, ba ta taɓa ba da kunya ba. A nan aka haife ni. Na je Makassar na karanta ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, na dawo gida, yanzu ni ke raka baƙi kallon kunkuru.

Mataki na 1: Fara rashin gani tun daga kwalekwale

Zauna a gaba, fuskarka ga teku. Kada ka waiwaya. A bayanka akwai shuɗayen jarkoki na ruwan sha, kuma naku ne, ku baƙi. Idan ka yi kuskuren tambaya, matuƙin zai ce an ɗora su ne don kada jirgin ya karkace. Ka yarda. Wanda ya zo hutu bai kamata a gan shi yana tunani ba.

Mataki na 2: Yi wanka

Za a sauke ka a masaukin Kawu Tompo, ƙanen mahaifiyata, mutum mai fara'a da babban injin jan ruwa. Yi wanka da safe. Yi bayan ka fito daga teku. Yi don zafi, yi don ka ga famfo. In ka gama, bar shi a buɗe ka wanke takalminka.

Kada wani ya dame ka da bayanin cewa ruwan daɗin da ke ƙarƙashin tsibiri ɗan kaɗan ne, yana yawo a kan ruwan teku kamar mai a saman miya, kuma idan aka zuƙe shi da ƙarfi teku ce ke hawowa ta maye gurbinsa. Wannan surutun 'yan boko ne. Idan sabulunka ya ƙi kumfa, laifin sabulun ne.

Mataki na 3: Koyi al'adarmu daidai gwargwadon hoto

Rijiya ɗaya gare mu, muna kiranta Uwa. Tana ji. Ɗan tsibiri ba ya aibata ta, don in ya yi za ta yi fushi ta ƙafe. Haka aka gaya mana, haka muke gaya wa na baya.

Tun da injin Kawu ya fara aiki, Uwa ta soma canja hali. Babu wanda ya ce ta yi gishiri. Cewa muke ruwan ya yi ƙarfi. Wasu kan ce ya yi ɗanɗano. Mata suka ƙara sukari a shayi, maza suka ce ai sukarin zamani ne ba shi da kirki.

Ni na kai maganar zauren mai gari, Daeng Rurung, har da na'urar gwaji a hannu. Dattawa suka karɓa, suka jujjuya ta, suka yaba da kyanta, sannan suka yanke cewa na'ura ba ta da kunya, don haka ba a karɓar shaidarta. Mai gari ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗana, karatun nan naka har ya kai ka ga zagin uwa?" Aka kawo shayi. Kowa ya shanye nasa yana yatsina cikin natsuwa.

Ka ɗauki rijiyar hoto daga gabas. Ta nan bututun Kawu ba ya fitowa.

Mataki na 4: Ci abinci a rumfar Inna Sariba

Mahaifiyata ce. Gasasshen kifinta da shinkafa ba su da na biyu, amma za ka ji miyarta lami. Hawan jini gare ta, likita ya hana ta gishiri, kuma ita mace ce mai bin doka. Ta daina sa shi a miya. A kofi take shansa.

Kada ka dubi ƙafafunta. Sun kumbura har silifa ba ya shiga. In ka duba, za ta ce tsayuwa ce.

Na taɓa sayo mata ruwan jarka. Ta yi godiya, ta sa mini albarka, ta juye wa shukar barkononta. Na ce, "Inna, ruwan nan na rijiya shi ke kashe ki."

"Rufe mini baki, mai takarda," in ji ta. "Da shi aka wanke ka ran da ka zo duniya kana ihu. Yau ni zan juya mata baya in sha na kanti, maƙwabta na kallo?"

Barkonon yana cikin ƙoshin lafiya.

Mataki na 5: San nauyin bakinka

Wannan matakin shi ne mafi haɗari. Muna da wata al'adar: kukan baƙo ba ya kwana. Abin da ɗan gida zai shekara yana faɗa ba a ji ba, in baƙo ya furta, kafin rana ta faɗi an gyara, don kada a je a ba da labarinmu a waje.

Bara wani bature ya ce zakaru na hana shi barcin safe. Kafin la'asar an kwashe su kaf zuwa tsibirin maƙwabta. Har yau kajinmu zawarawa ne. Wata baƙuwa ta ce yashin gaban masauki na da tsakuwa, matasan gari suka wuni suna tankaɗe shi.

Dokar kame baki game da rijiya ba ta hau kanka ba, kai baƙo ne, Uwa ba ta san ka ba. Ka ga kenan kalma ɗaya daga gare ka tana iya kashe injin Kawu. Yi hattara.

Mataki na 6: Ɗanɗana ruwan, ka yaba

Kowace safiya Kaka Bollo, wadda ta fi kowa tsufa a garin, takan ja gugan farko, ta kurɓa, ta ce, "Daɗi." A da ita kaɗai ke yi. Yanzu yana cikin jerin abubuwan kallo, tsakanin kunkuru da rawar gargajiya, kuma akan miƙa wa baƙo nasa a ƙoƙon kwakwa.

Za ka ga gari ya taru. Za ka ga kowa bakinka yake kallo, har da matan da suka ajiye bokiti. Kada ka ɗauka wani abu suke jira. Kaka za ta riƙe hannunka ta ce da harshenmu, "Jikana, don Allah faɗi yadda ka ji shi." Kawu Tompo ne tafinta, zai ce maka tana yi maka barka da zuwa.

Kurɓa. Haɗiye. Idan hawaye ya zo, bar shi, za a ce al'adar ce ta ratsa ka. Ɗaga babban yatsa. Wata baƙuwa a watan jiya har ƙari ta nema don kara, aka tafa mata, Kaka ta ɗauki guganta ta tafi gida. Yi koyi da baƙuwar nan, baiwar Allah.

Mataki na 7: Tafi

Yi wankan bankwana, mai tsawo. Rubuta a intanet cewa mutanen nan ba su da komai amma kullum cikin murmushi suke. A bakin gaɓa za ka hango wata mata zaune a kan benci tana ɗaga maka hannu, don tsayuwa ta fara yi mata wuya. Inna ce. Ɗaga mata, tana son baƙi.

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In ka bi shawararsa rijiyar ta mutu, shi ba da bakinsa aka ji ba, ɗan tsibiri ne mai ladabi. In kuma harshenka ya suɓuce a gaban jama'a, aka kashe inji, ka kwana ba wanka, Kawu ya daina gaishe ka, wata tsohuwa ta samu ruwan da za ta sha maganinta da shi, kai ka jawo wa kanka. Ba shi ya gaya maka cewa a wajenmu "asin" ake ce wa abu mai gishiri ba. Ba shi kuma ya gaya maka cewa mai gari yakan tsaya a hagun rijiya, kuma kunnensa na dama ne ke ji ba.