Hannun Hagun Mai Tsalle

Ranar Talata, a filin wasa, a gaban koci mai horar da ita da 'yan kallo sun fi hamsin, Mai Tsalle ta sheƙo a guje da doguwar sandarta, ta cake ta a rami, ta tashi sama kamar abin arziki. Sai hannun hagu ya lanƙwashe, sanda ta zo ta daki bakinta. Maimakon ta haye karan da aka gitta ta faɗa kan katifa, sai ta dawo baya ta zauna daɓas a inda ta taso, wando ya yage tun daga ƙugu. Kafin ta iso gida, bidiyon ya riga ta isowa wayoyin unguwa. Koci kuwa bai ɓoye mata ba: Asabar ce gwajin ƙarshe, in hannun nan ya sake lanƙwashewa zai cire sunanta, wahalar shekara huɗu ta tafi a banza.

Ta shiga ɗakin kakanta da leɓe a kumbure. Tsoho mai fito ne a da, ya shekara arba'in yana tura kwalekwale da gora, amma wata bakwai ke nan ɓarinsa na hagu ya shanye. Ɗakin na warin man zafi da bargon da ya daɗe bai ga rana ba. Uwarta na fama da ciwon baya, don haka ita ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi.

"Lafiya lau, amarya, lafiya lau," in ji Tsoho, baki a karkace. "An ce kin tafi sama, sai ga shi an dawo mini da ke ta ƙasa."

"Sannu da kwanciya, angon katifa. Wa ya kawo maka gulmar?"

"Matar mai shago ta nuna mini a waya. Sau uku na kalla. Na farko na ga tsalle, na biyu na ga wando, na uku na ce a kawo takarda in rubuta saki."

"Da wane hannun? Na daman da ke karkarwa, ko na hagun da ya yi ritaya?"

"Nawa ya mutu, kowa ya zo gaisuwa. Naki fa? Yana da rai, yana cin abinci, ba ya aiki. Ki ba ni aronsa mana, ko cokali na riƙe."

Ba ta yi dariya ba. Lokacin shan maganinsa ya yi, ta durƙusa ta zura hannun hagu ta bayansa, ta lanƙwasa gwiwar hannun, ta jawo shi ƙirjinta kamar kullum. Ya rage nauyi ƙwarai, ƙasusuwan bayansa kamar a ƙirga.

"Tsaya nan," ya ce. "Kada ki motsa. Dubi gwiwar hannunki."

"Ka fara ruɗewa ne, Tsoho?"

"Na ce ki duba. Haka take a wayar can, ba bambanci ko kaɗan. Sau nawa kike ɗaga ni a rana?"

"Shida. Bakwai in ka sha shayi."

"Wata bakwai kina rungumar gawa, shi ya sa kike rungumar sanda. Ni na lalata miki hannu."

Ta dubi gwiwar hannun. Kocin nan mai usur da agogo ya yi wata uku yana daka mata tsawa bai gano ba.

"Gora ba a rungumarta," in ji Tsoho, muryarsa ta koma ta bakin ruwa. "Hannun sama ya miƙe sambal bisa kai, na ƙasa ya tokare ta, kada ta kusanci ƙirji. Wanda ya tsorata ya jawo ta jikinsa, ita za ta wurga shi. Mutum biyu na tsamo saboda haka. Ɗaya ne kawai ya yi tari ya farfaɗo."

"Koci ma haka yake cewa, kuma shi da haƙoransa cikakku."

"Kocinku ya taɓa shan ruwan kogi ta hanci? Ɗauko sandar gugar ɗaki."

Ta kwantar da shi, ta ɗauko. Ya sa ta tokare gindinta a ƙafar gado, dama a sama, hagu kamu ɗaya a ƙasa. Ya kama tsakiya da hannunsa mai rai, yana danna mata sandar wajen fuska.

"Tura! Wannan turawa ce ko gaisuwar surukai?"

"Ina tsoron karya ka ne, kayan gado."

"Me ya rage da za ki karya? Tura!"

Sau ashirin suka yi. A na sha huɗu hannun ya ci amanarta, sanda ta sake samun leɓen nan. Ta tofar da jini a tsumma, ta sake kamawa.

"Daga yau na sake ki har Asabar," ya ce yana haki. "Kada hannun nan ya ƙara taɓa ni."

"To wa zai ɗaga ka? Aljanun ruwa?"

"Igiyar shanya. Ɗaure mini ita a ƙarfen taga."

Ta dubi tabon goshinsa. Wata uku da suka wuce ya gwada tashi shi kaɗai, ta dawo daga fili ta tarar da shi a ƙasa, jini ya bushe masa a gira.

"In ka faɗi ina fili fa?"

"In na faɗi, ni ba na sa ƙaramin wando. Ɗaure, 'yar nema."

Ta kwanto igiyar, ta ɗaure, ta ja da baya ta jingina da bango. Tsoho ya naɗe igiyar a hannun dama ya ja. Jijiyoyin wuyansa suka fito, matacciyar ƙafar ta zame, ya koma rigingine. Ta zabura, ya harare ta, sai ta kama hannun hagunta da na dama ta ɓoye a baya. Ya sake ja. Ƙarfen taga ya yi ƙara, gadon ya yi ƙara, shi ma ya yi wata irin ƙara da ba ta taɓa ji ba. A na uku ya zauna, gumi na ɗiga daga haɓarsa, idon ɓarin da ya shanye na zubar da ruwa shi kaɗai.

Da numfashi ya dawo, ya nuna bayan ƙofa da baki, inda tsohuwar gorarsa take jingine, wadda ko ɗansa bai yarda ya taɓa ba.

"Ɗauki waccan ki riƙa tokarewa a tsakar gida. Kayan biko ne tun kafin Asabar." Ya yi murmushin rabin baki. "To, yaya kika ga tsallen maza?"

Mai Tsalle ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki gorar ta saɓa.

"Na gani, ango. Ka lanƙwashe gwiwar hannu, ka jawo igiya har ƙirji. Da koci na nan, da tuni ya cire sunanka."